A BA MALAMAN AJI KUJERA A INDA AKE TSARA ILIMIN JIHAR ADAMAWA



Yau muna so mu taɓo maganar da ta shafi duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a makaranta. Tambayar ita ce, wa ake tuntuɓa kafin a yanke hukunci a kan karatun 'ya'yanmu? Ana tuntuɓar kwamishina, ana tuntuɓar babban sakatare da daraktoci, ana gayyato farfesoshi da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Amma mutumin da yake tsaye gaban allo daga safe har azahar, shi ne na ƙarshe da labari yake iskewa, galibi ta takardar umarni da hedimasta zai tara su a ofis ya karanta musu.

Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da Jihar Adamawa za ta samu tsayayyar majalisar ba da shawara kan manufofin ilimi, mai ƙarfin doka, wadda aƙalla rabin kujerunta na malaman da har yanzu suke riƙe da alli ne, kuma 'yan uwansu malamai ne za su zaɓo su. Ga dalilanmu.

YADDA UMARNI YAKE SAUKOWA

A can sama akwai Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa. Ministan ilimi ne shugabanta, kwamishinonin ilimi na jihohi su ne mambobi. Kafin ta zauna, wani kwamitin jami'ai da ƙwararru da ake kira JCCE yana tace takardun da za a gabatar mata. Abin da ta amince da shi kwamishina yake ɗaukowa ya dawo da shi Yola. Daga ma'aikatar ilimi sai ya bi hanya biyu. Na firamare da ƙaramar sakandare ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato ADSUBEB, zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa hedimasta. Na babbar sakandare kuma ya bi ta hukumar kula da makarantun gaba da firamare zuwa firinsifal. A ƙarshen wannan doguwar igiya malamin aji yake rataye.

Wannan hanya ta iya sauko da umarni daga sama zuwa ƙasa. Abin da ba ta iya ba shi ne hawa da labari daga ƙasa zuwa sama. Idan malama a Gella ko Muchalla ta ga cewa sabon tsarin da aka kawo ba zai yi aiki a ajinta ba, ga wa za ta faɗa? Hedimasta yana tsoron a ce yana jayayya da na gaba da shi. Sakataren ilimi yana da makarantu da yawa a kansa. Sufeto idan ya zo, rajista da littafin shirya darasi yake dubawa ya tafi. Kafin maganar ta isa Yola, mai nisan kusan kilomita 200 daga nan, ta zama "komai lafiya lau".

Akwai kwamitocin kula da makarantu na al'umma, wato SBMC, waɗanda Majalisar Ƙoli ta amince a kafa a kowace makaranta fiye da shekara 15 da suka wuce. Suna da amfani, kuma muna yaba wa masu yi musu hidima kyauta. Sai dai iyakar ƙarfinsu katangar makarantarsu ce: gyaran rufi, neman benci, sasanta iyaye da malamai. Ba su da bakin magana a kan manhaja, ko harshen koyarwa, ko tsarin jarrabawa.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA FARU A GABAN IDONMU

Na farko, harshen koyarwa. Tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu a shekara uku na farkon firamare. A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma, shekara uku kacal, minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, aka koma Turanci tun daga ajin farko.

Ba yau za mu yanke hukunci a kan wanne ne daidai ba. Masu goyon bayan harshen uwa suna da hujjarsu, har da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife a shekarun 1970 da harshen Yarbanci. Masu goyon bayan Turanci suna kallon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, waɗanda da Turanci ake rubuta su. Abin da muke cewa shi ne, da an tambayi malamin aji ɗaya a Mubi, da ya yi tambayar da ba a yi ba: harshen uwar wa? A aji guda a Lokuwa ko Sabon Layi za ka tarar da ɗan Gude da ɗan Fali da ɗan Higi da ɗan Margi da ɗan Njanyi da Bafulatani da Bahaushe. Malamin da aka ba ajin yana iya jin biyu ko uku cikin waɗannan harsuna. Littattafan karatu a yawancinsu ba su kai hannun yara ba. Abin da malamanmu suke yi kullum shi ne su karanta da Turanci, su yi bayani da Hausa, wani lokaci su ƙara da Fulatanci. Manufar 2022 ba ta taimaka musu ba, sokewar 2025 ma ba za ta hana su yin bayani da Hausa ba, domin idan ba su yi ba yaron ba zai gane ba. Malami ya san adadin Hausar da aji biyu yake buƙata da lokacin da ya kamata a rage ta. Wannan sani ne da babu shi a cikin fayil.

Na biyu, darasin Tarihi. An cire shi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, sai a 2022 aka yi bikin dawo da shi. A tsakanin nan an yaye yaran Mubi da yawa waɗanda ba a taɓa koya musu cewa a Fabrairun 1961 kakanninsu sun jefa ƙuri'ar raba-gardama suka zaɓi zama a Najeriya ba, ko cewa Mubi ta taɓa zama hedikwatar Lardin Sardauna, ko dalilin da ya sa UNESCO ta sanya Sukur ta Madagali cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Da aka zo dawo da darasin, sai aka shiga neman masu koyar da shi, alhali shekara da shekaru an nuna wa matasa cewa karanta Tarihi ba shi da kasuwa.

Na uku, shekarun shiga jami'a. A 2024 minista Farfesa Tahir Mamman, ɗan jiharmu, ya ce sai ɗan shekara 18. Kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi ya mayar da ita 16. A 'yan watannin nan iyaye sun shiga ruɗani, masu makarantu sun shiga ruɗani, malamin ajin ƙarshe na sakandare kuma shi ɗalibai suka tsare da tambayar da ba shi da amsarta.

Na huɗu, jarrabawa da kwamfuta. A 2025 aka sanar cewa WAEC da NECO za su koma rubutawa da kwamfuta daga 2026, har Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta. Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma kowa a garin nan ya san halin wutar lantarki, kuma ya san akwai ɗaliban da za su gama sakandare a ƙauyukanmu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Malamin da yake koyar da darasin kwamfuta da zane a allo shi ya fi kowa sanin shekara nawa ake buƙata, da abin da ya kamata a fara tanada.

Wani zai ce ai duk waɗannan daga Abuja suka fito, mene ne laifin Yola? Amsa biyu ce. Ta farko, kwamishinanmu yana da kujera a Majalisar Ƙoli. Abin da zai faɗa a can ya kamata ya zama abin da ya ji daga malaman jiharsa. Ta biyu, kundin tsarin mulki na 1999 ya ba jihohi ikon yin doka a kan ilimin firamare da sakandare. Jiha ce take ɗaukar malamai, take rarraba su, take tsara kalandar karatu, take zaɓen inda za a gina aji. Jiha tana da damar cewa wannan za mu fara shi bana, wancan sai mun shirya.

ABIN DA MALAMIN MUBI YA SANI

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yankinmu na Adamawa ta Arewa, wato Madagali da Michika da Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha, ya ga abin da sauran sassan jihar ba su gani ba. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta shiga Mubi, gari ya watse, aka rufe makarantu tun daga firamare har Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. An ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, amma 'yan uwanmu na Michika da Madagali sun fi mu daɗewa a cikin wannan hali.

Da aka dawo, malamai ne suka karɓi yaran. Su suka zauna da ɗan shekara 12 da ya rasa shekara biyu na karatu, wanda ya fi ƙarfin aji uku a jiki amma bai kai aji biyar a karatu ba. Su suka san yaron da yake firgita idan aka buga ƙofa da ƙarfi. Su suka karɓi 'ya'yan 'yan gudun hijira da ba su da takardar shaidar makarantar da suka baro. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya a 2015, kuma an yi taruka masu yawa a kan tsaron makarantu. Idan ana neman wanda ya san yadda ake sallamar yara 300 cikin gaggawa ba tare da an tattake ƙanana ba, a nan yake, kuma yana karɓar albashin malamin firamare.

Ban da wannan akwai sanin yau da kullum. Malami ya san ranar kasuwar shanu aji yana raguwa. Ya san lokacin shuka da lokacin girbin masara da gyaɗa da wake, wane mako ne yara suke ɓacewa a ƙauyuka. Ya san makarantun da ba a iya kaiwa idan Yedzaram da rafukan da suke zuba a cikinsa sun cika da damina. Ya san yaran kan iyaka wajen Sahuda da suke kai-komo tsakanin nan da Kamaru. Malama ta san a wane aji 'yan mata suke fara daina zuwa, kuma ta san sau da yawa rashin ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa ne farkon dalili kafin a zo ga maganar aure. Wanda zai tsara kalanda ko ya raba kuɗin gini ba tare da wannan sani ba, zai kashe kuɗi mai yawa ya samu amfani kaɗan.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilimin farko, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na gine-gine. Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na ɗaliban makarantun gwamnati, ta kuma gina sababbin makarantu. Iyaye da yawa sun samu sauƙi, kuma gaskiya ce a faɗa. To amma duk lokacin da aka sauƙaƙa shiga makaranta, aji yana cika. Wannan darasi ƙasar nan ta koya tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da yaran da suka fito suka zarce lissafin da aka yi, aka rasa azuzuwa da ƙwararrun malamai. Wanda zai fara ganin cikar aji, ya kuma faɗi darasin da babu mai koyar da shi, malamin aji ne.

IRIN MAJALISAR DA MUKE NEMA

Ba kwamitin da za a rantsar a gidan gwamnati a ɗauki hoto a manta da shi muke nufi ba. Ga yadda muke ganin ya kamata ta kasance:

1. Majalisar Dokokin Jiha ta kafa ta da doka, domin kada ta mutu ranar da gwamnati ta sauya.

2. Aƙalla rabin mambobi su zama malaman da suke da aji da jadawalin darasi a lokacin da aka zaɓe su. Wanda aka mayar ofis, kujerarsa ta koma ga wani malamin.

3. Malamai su zaɓi wakilansu da kansu, daga ƙananan hukumomi 21 zuwa shiyyoyi uku na jihar. Kada sunaye su fito daga aljihun ciyaman ko ɗan majalisa.

4. A raba kujerun yadda za su game kowa: firamare, ƙaramar sakandare, babbar sakandare, makarantun koyon sana'a. A ware kaso na malamai mata da na malaman ƙauye. A ba malaman makarantun 'ya'yan makiyaya kujera, tunda ɗan jihar nan ne, marigayi Farfesa Jibril Aminu, ya tsaya har aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 1989. A ba masu koyar da yara masu buƙata ta musamman kujera, haka malaman tsangaya da Islamiyya, da na makarantun mishan da masu zaman kansu.

5. Sauran kujerun na iyaye ne, da ƙungiyar malamai ta NUT, da masana daga kwalejojin horar da malamai na Hong da Yola da sashen ilimi na jami'armu ta Mubi, da jami'an ma'aikata.

6. Duk wani babban sauyi da ya shafi manhaja, ko kalanda, ko jarrabawa, ko rarraba malamai, a kawo daftarinsa gabanta zangon karatu guda kafin a fara aiki da shi. Gwamnati tana da ikon ƙin shawarar, amma ta bayar da dalilinta a rubuce.

7. Ta zauna kafin kowane taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, kwamishina ya saurare ta, idan ya dawo kuma ya yi mata bayani.

8. Zama ya riƙa zagayawa tsakanin Yola da Mubi da Numan ko Ganye, a lokacin hutu, domin kada a bar yara babu malami. A wallafa abin da aka tattauna da Turanci da Hausa da Fulatanci.

9. Doka ta kare mamba. Kada a yi masa canjin wurin aiki ko a riƙe masa ƙarin girma saboda abin da ya faɗa a zauren. Idan babu wannan kariya, "ranka ya daɗe, haka ne" kawai za a riƙa ji.

10. Wa'adi ya zama shekara biyu ko uku, kuma kada a sa alawus mai tsoka. Kuɗin mota da masauki sun isa. Ranar da kujerar ta zama abin ci, ranar masu neman ci za su ƙwace ta.

GA MASU CEWA BA A BUƘATA

Mun san za a ce ai akwai NUT. Haƙiƙa akwai, tun 1931 take, kuma dokar 2004 ta ba ta kujera a hukumar UBEC ta ƙasa. Muna girmama gwagwarmayarta. Amma babban aikin ƙungiyar ƙwadago shi ne albashi da ƙarin girma da fansho, kuma idan ta zauna da gwamnati ana zaman ciniki ne, kowa yana riƙe da nasa. Tambaya irin ta yaushe ya kamata a fara koya wa yaro rubutu da Turanci, ko darasi nawa ɗan aji uku zai iya ɗauka a rana, tana buƙatar wani zaure dabam inda babu barazanar yajin aiki. NUT ta samu kujerarta a ciki, amma kada a ce ita ce dukan muryar aji.

Za a ce yawancin daraktocin ma'aikata tsofaffin malamai ne. Haka ne, kuma kwarewarsu abin amfani ce. Sai dai wanda ya bar aji shekara 20 da suka wuce bai koyar da yaron da ya tashi da waya a hannu ba, bai koyar da ajin bayan 2014 ba. Gani ya kori ji.

Za a ce su kansu malaman ai da sauransu, a kawo misalin Kaduna inda a 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Ba mu musa cewa akwai malamai marasa ƙwarewa ba, a ko'ina akwai. Amma wa ya ɗauke su aiki? Ba malamai ne suke raba takardun ɗaukar aiki ba. Kuma babu wanda ya fi malamin kirki jin zafin raggon malami, domin shi ne yake gadar ajin da bai iya karatu ba a shekara mai zuwa. Malamai sun san junansu. Idan aka bar su su zaɓa, sun fi kowane ɗan siyasa sanin wanda yake zuwa aiki da wanda sai ƙarshen wata ake ganinsa.

Za a ce zai jawo jinkiri. Jinkirin zangon karatu guda ya fi sauƙi a kan a kafa manufa a 2022 a rushe ta a 2025 bayan an ɓata lokacin yara. Rigakafi ya fi magani.

Kuma ba mu ne muka ƙirƙiro wannan tunani ba. A ranar 5 ga Oktoba, 1966, a birnin Paris, UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, kuma a ciki an nemi a riƙa sa malamai da ƙungiyoyinsu wajen tsara manufofin ilimi. Ranar ce muke bikinta duk shekara a matsayin Ranar Malamai ta Duniya, mu yi fareti mu raba kyaututtuka, mu bar ainihin abin da takardar ta nema. A Sikotland, majalisar kula da aikin koyarwa da aka kafa da dokar 1965, mafi yawan mambobinta malamai ne da 'yan uwansu suka zaɓa. A jihohin Amurka da dama, shugaban ilimi na jiha yana da majalisar malaman aji da yake zama da ita a kai a kai. Idan likitoci da lauyoyi suna da ta-cewa a kan yadda ake gudanar da aikinsu, ba mu ga dalilin da zai sa malami ya zama ɗan aike kawai ba.

NAUYIN DA YAKE KANMU

Ga malamanmu, da girmamawa muke cewa kujera amana ce. Wanda zai je ya yi magana da sunan yaran Vimtim da Digil da Mugulbu da Lamorde, sai ya je da hujja a hannu: yara nawa ne a rajista, nawa suke zuwa, nawa suka iya karanta jimla a ƙarshen aji uku, darasi nawa ne babu malami. Ƙorafi ba tare da lissafi ba, a zauren za a bar shi. Kuma wanda zai nemi a saurare shi a Yola, ya kamata ɗalibansa su shaida cewa yana shiga aji a kan lokaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga 'yan majalisarmu na jiha masu wakiltar Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha da Michika da Madagali, wannan ƙudiri ne da ba ya buƙatar biliyoyi. Ɗayanku ya ɗauka, sauran su mara masa baya, a kira zaman jin ra'ayin jama'a, a yi ɗaya daga ciki a nan Mubi.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu da sakatarorin ilimi, ba sai an jira doka ba. Kuna iya farawa da zaman malaman aji sau ɗaya a kowane zango, ba tare da an tsaya a kan hedimastoci kaɗai ba, a rubuta abin da suka faɗa a aika Yola. Idan Mubi ta gwada aka ga amfani, sauran za su kwaikwaya.

Ga masananmu na jami'a da kwaleji, ku taimaka da rubuta daftarin ƙudirin, ku kuma koya wa malaman da za a zaɓa yadda ake karanta kasafin kuɗi da takardun manufa. Ga iyayenmu sarakuna da limamai da fastoci, maganarku tana da nauyi a wurin masu mulki, muna roƙon ku sa baki. Ga mu iyaye kuma, a taron iyaye da malamai na gaba, bayan an gama maganar kuɗin rufi da benci, mu tambayi malaman abin da suke gani ya kamata a sauya. Idan lokacin yaƙin neman zaɓe ya zo, duk wanda ya shigo neman ƙuri'a mu tambaye shi matsayinsa a kan wannan magana, mu kuma riƙe amsarsa.

Jihar nan ta ba ƙasa ministocin ilimi fiye da ɗaya, tana da jami'o'i da kwalejoji, ba ta rasa manya masu ilimi ba. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofa ga waɗanda suka koya wa waɗannan manya baƙaƙen farko. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, shekara shida kawai yake da su a firamare, kuma ba za a dawo masa da ko guda ba idan aka ɓata ta da gwaje-gwaje.